Sai An Kai Gawa Makabarta Za Mu Tuna Da Mararraba?



Akwai wata al'ada da muka ɗaukar wa kanmu a garin nan, kuma lokaci ya yi da za mu faɗa wa juna gaskiya a kanta. Mota za ta buge yaro a bakin titi. A ɗauke shi a yi asibiti da shi. In da sauran kwana ya tashi da ɗingishi, in babu a kai shi makwancinsa kafin la'asar. Ba a watse daga zaman makoki ba samari sun ɗauko shebur da baro, sun tula ƙasa da ɓaraguzan bulo a tsakiyar kwalta, sun jera tsofaffin tayoyi da kututturen darbejiya. Kowa ya ce madalla, an yi maganin direbobi. Bayan wata biyu tireloli sun baje ƙasar, iska ta kwashe saura, wata tsohuwa ta ja kututturen ta hura wuta. Gudu ya dawo sabo fil. Mu kuma mu koma harkokinmu, sai wata gawar ta sake tashe mu.

Wannan ba maganin komai ba ne. Huce haushi ne, kuma haushin ma a kan titi ake huce shi, ba a kai shi inda zai yi amfani ba.

Kowa ya san titin da nake magana. Ya taso daga Damaturu, ya bi ta Babbangida, ya ratsa Dapchi ya nufi Bayamari, inda hanya ta rabu, ɗaya ta yi Gaidam, ɗaya ta yi Gashuwa har Nguru. A kansa ake hawa da siminti da man fetur da kayan masarufi, a kansa ake sauko da shanu da bandar kifi da riɗi da shinkafa. Direban da ya baro Damaturu ya yi tafiyar wajen kilomita 100 a miƙaƙƙiyar hanya, ƙafarsa ta saba da totur, idonsa ya saba da daji. Da wannan gudun yake shigowa gari, daidai inda 'yan firamare suke tsallakawa, mai kura yake turo ruwa, mai amalanke yake juyawa da shanunsa, tsoho yake neman sahun azahar. Sannan tun da gwamnatin jiha ta ɗage haramcin hawa babur, wanda ya ɗauki aƙalla shekara goma, mashina sun dawo sun cika kowace kwana, da yawansu kuma a hannun yaran da ba su taɓa koyon dokar hanya ba.

Dokar hanya ta ƙasa ba ta ɓuya ba. A cikin gari ƙaramar mota ba za ta wuce kilomita 50 a awa ba, tanka da tirela kuma 45. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, tana nan tun 1988, jiharmu ma tana da tata hukumar, YOROTA. To amma wane jami'i ne zai kwana a mararrabarmu yana ƙirga gudun kowace mota? Babu. Allon gargaɗi kuwa ba ya taka wa kowa burki. Abin da ke sa direba ya ɗaga ƙafa ko ana ganinsa ko ba a ganinsa shi ne yadda aka gina titin da kansa.

Bari mu yi lissafi kaɗan, don wasu suna ganin maganar gudu surutun 'yan boko ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cinye mita 22 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya ga yaro, ƙwaƙwalwarsa ta sanar da ƙafarsa, ƙafar ta bar totur ta hau burki, daƙiƙa ɗaya ta wuce, in ma direban a farke yake sosai. Bayan ya taka burkin, motar za ta ja wajen mita 36 kafin ta tsaya. Kun ga kusan mita 60 ke nan, a busasshiyar kwalta, da tayoyi masu kyau. Mu kuwa kwaltarmu rabin shekara yashi ne a kwance a kanta, ga hazon hunturu, ga tayoyin da sun gama aiki a wata ƙasa kafin a kawo mana su. Wannan fa ƙaramar mota ce, ba a zancen tirela mai buhu 600. Motar nan dai in kilomita 30 take yi, a cikin mita 13 ko 14 ta tsaya cak. Tsakanin mita 60 da mita 14 nan ne ran yaro yake.

Ko da an yi bugun, ba ɗaya ba ne. In gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu sau huɗu yake ninkawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin motar da ta buge shi a gudun 50 da wadda ta buge shi a gudun 65. Rahotonta na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma babu abin da ya fi haɗarin hanya kashe masu shekara 5 zuwa 29. Shi ya sa ministocin ƙasashe da suka taru a birnin Stockholm a Fabrairun 2020 suka yi matsaya cewa duk inda mutane da motoci suke cakuɗuwa, kada gudu ya wuce 30. Mu kuma a nan akwai ƙarin dalili. Wanda ya fasa kai ko ya karya ƙugu a Dapchi, sau da yawa sai an wuce da shi Damaturu ko Asibitin Tarayya na Nguru. Tafiyar kaɗai ta isa ta ƙarasa mai zubar da jini.

To me muke nema? Abin da muke yi yanzu kunya ce, irin ta gonar dankali, siririya mai tsini, wadda wasu ke kira bam. Abin da ya kamata mu nema shi ne dakali. A ɗaga mararrabar gaba ɗayanta, ko mashigar da mutane ke tsallakawa, ta zama shimfiɗaɗɗen dandamali na kankare ko kwalta. Tsayinsa bai wuce santimita 8 zuwa 10 ba, wato faɗin tafin hannun babban mutum. Hawansa a kwance yake, ya miƙe mita ɗaya da rabi ko biyu, saukarsa ma haka. Samansa a baje yake, aƙalla mita 6, yadda bas za ta hau da ƙafafunta na gaba da na baya kafin ta fara sauka. Wanda ya zo a gudun 30 zai hau ya sauka bai zubar da shayin hannunsa ba. Wanda ya zo a 80 zai ji a jikinsa, kuma gobe ba sai an yi masa wa'azi ba.

Dakali ba ya tafiya shi kaɗai. Tun daga wajen gari ake fara sa allo, a jera 'yan ƙananan layuka masu gurnani a ƙarƙashin taya don su farkar da mai gyangyaɗi, gudu ya sauko daga 80 zuwa 50 kafin a iso gidajen farko. A yi wa hawan dakalin fenti fari mai ƙyalli, a kafa fitila mai aiki da hasken rana a kansa, a bar wa ruwa hanya a gefe don kada damina ta mai da wurin tafki. In aka cire ɗaya daga cikin waɗannan, dakalin ma tarko zai zama.

Me ya sa a mararraba? Domin nan ne hanyoyi ke gittawa, nan mota ke bugun cikin mota ko ta ɗauke babur ta gefe, inda babu abin da ke kare mutum sai ƙofa ko ƙafarsa. Nan ne kuma kowa ke tsallakawa. Dakali yana ɗaga yaro sama kaɗan, direba ya hango shi da wuri, ya kuma nuna wa kowa takamaiman wurin ƙetarawa.

Kada wani ya ce wannan sai Turai. A Ghana, a mararrabar Suhum da ke kan babbar hanyar Accra zuwa Kumasi, hanyar da 'yan'uwanmu fatake na zango suka sani sarai, an sa layukan rage gudu da aka tsara bisa ƙa'ida. Tsakanin Janairun 2000 da Afrilun 2001 haɗurra suka ragu da kusan kashi 35 cikin 100, mace-mace da kusan kashi 55. Kuɗin aikin bai kai dala 21,000 ba, alhali hanyar masu tafiya a ƙasa da aka yi wa kiyasi a wurin ta haura dala 180,000. A Darussalam ta Tanzaniya an bi makarantun firamare ana sa tudun rage gudu da mashigar tsallakawa da hanyar ƙafa, raunukan da ɗalibai ke samu suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Su ma talakawa ne irinmu, kuma su ma tireloli ne ke ratsa garuruwansu.

Yanzu bari in juyo kan maganganun da ake kashe wannan batu da su a majalisa.

Na farko, masu cewa ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan tabarma sai ya tafi. Babu Musulmin da zai musa ƙaddara. Amma mai faɗar haka yana kulle shagonsa da kwado biyu in dare ya yi, bai taɓa barinsa a buɗe ya ce in an ƙaddara sata za a yi ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji cewa a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali, ya kuma ji cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Malamanmu kan ba da labarin Sayyidina Umar, yadda yake tsoron a tambaye shi ranar gobe a kan dabbar da ta yi tuntuɓe a Iraƙi don bai gyara mata hanya ba. Dabba ke nan fa. Mu da 'ya'yanmu ake bugewa, wace amsa muka tanada?

Na biyu, direbobi. Suna cewa kunya tana fasa musu salansa, tana karya sifirin, tana kashe shokozoba, kuma da dare ba a ganinta sai an hau. Wallahi gaskiyarsu. Tulin ƙasa da duwatsu da aka yi cikin fushi, babu fenti babu allo, ya isa ya kifar da mai babur da matarsa da goyonta. Ya isa ya tsinke igiyar lodi, ya kuma jijjiga mai naƙuda da ake gudu da ita asibiti. Wanda ya tula shi da niyyar ceton rai yana iya zama sanadin rasa wani ran, kuma ba zai taɓa sani ba. Amma 'yan'uwa direbobi, ƙorafinku a kan mummunar kunya ne, bai shafi dakalin da injiniya ya auna ba. In kuma maganar ɓata lokaci ce, ga lissafi. Kilomita ɗaya na cikin gari a gudun 80 daƙiƙa 45 ne, a gudun 30 minti biyu ne. Minti ɗaya da daƙiƙa 15 ke tsakani. Kuna ɓata fiye da haka wajen cinikin tsire a tasha. Kuma su waye direbobin nan? Ai 'ya'yan unguwar nan ne, ƙannenmu da surukanmu. Wanda ya taɓa buge yaro ya san abin da ke biyo baya: mota a ofishin 'yan sanda, maigida ya karɓe makulli, maganar diyya, ga rashin barci na shekaru. Ba don masu tafiya a ƙasa kaɗai ake neman dakalin nan ba.

Na uku, masu cewa gwamnati ta hana. Eh, a 2017 Majalisar Dattawa ta nemi a cire kunyoyin da aka yi barkatai a manyan hanyoyin tarayya, kuma a Disambar 2024 Ministan Ayyuka David Umahi ya ba da umarnin a rushe su. To amma a karanta maganar har ƙarshenta. Abin da aka yi kuka da shi shi ne waɗanda aka yi ba tsari, masu jawo haɗari da cunkoso, kuma ministan ya bar ƙofa a buɗe: inda ake da buƙata a nemi izini, a bi ƙa'idar aiki, a sa gargaɗi tun daga nesa. Wannan ai hujjarmu ce. Tulin ƙasarmu ne doka za ta iya kwashewa gobe da safe, ba mu da bakin magana. Abin da aka nema a rubuce, aka amince, aka gina da sa hannun ma'aikata, shi ne zai zauna. Sai dai ina da magana da hukuma ita ma. Duk jami'in da ya turo katafila ta share kunya a gaban makaranta bai sa komai a madadinta ba, ya san abin da ya buɗe wa hanya. Mutane ba don nishaɗi suke tula ƙasa a titi ba. Sun gaji da jira ne.

Na huɗu, maganar tsaro. Garin da ya ga abin da ya gani ranar 19 ga Fabrairun 2018 ba za a ce masa kada ya yi tunanin hanyar gudu da hanyar kawo ɗauki ba. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma ita ma dakali take goya wa baya. Motar jami'an tsaro ko ta asibiti za ta haye dakali uku a gudun 30 ba ta tsaya ba. Kututture da tulin bulo guda goma sha, waɗanda kowane layi ya sa nasa, su ne ke tilasta wa mota tsayawa cak ta sa giya ɗaya.

Na biyar, kuma wannan ta fi ci mini rai. Akwai dattawanmu da ke cewa mu baƙi ne, kada mu ɗaga murya, a bar 'yan ƙasa su yi magana. Baba, da girmanka, wannan magana ta tsufa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930 kakanninmu suke bin gyaɗa da fata da ƙaro a ƙasar nan, wasu ma sun riga jirgin zuwa. Hausari mazaɓa ce guda a Nguru, Sarkin Hausawa mazaɓa ce guda a Gashuwa. A nan aka binne cibiyarmu, a nan muke biyan kuɗin rumfa, a nan muke jefa ƙuri'a. Da yake mu mutanen kasuwa ne, ko'ina muka sauka bakin hanya da bakin tasha muke zama, saboda haka in mota ta ƙwace ƙofar gidanmu take fara samu. Kuma mota ba ta tambayar yare kafin ta yi bugu. Ɗan Manga da ɗan Bade da ɗan Fulani da ɗan Bahaushe a sahu ɗaya suke tsallakawa zuwa makaranta. Ba wanda ya ce mu yi gaban kanmu. Mu je wurin lawan da bulamomi da ladabi, mu tafi tare. Amma mu yi shiru da sunan kunyar baƙunta alhali ana ɗaukar gawa, wannan ba ladabi ba ne.

Laifin yana wuyanmu mu ma, kuma dole a faɗa. Wa ya baza tumatir da rake har kan kwalta, ya tura masu tafiya tsakiyar titi? Wa ke ajiye mota a daidai kwana ya tafi cin abinci, ya tare wa kowa gani? Wa ke ba ɗan shekara 12 makullin babur ya aike shi sayen ƙanƙara? Akwai ma waɗanda ke son kunya a ƙofar shagonsu ba don ran kowa ba, sai don mota ta rage gudu a yi ciniki. Da an tula ƙasa sai ka ga 'yan talla sun yi dafifi a wurin, yara mata da faranti a ka suna bin tirela a guje, suna miƙa gyaɗa ta taga suna jiran canji a ƙarƙashin taya. Mun ce muna kare yara, mun kuma mai da wurin kasuwarsu. In dakali ya zo, sharaɗin farko shi ne babu talla a kansa, babu rumfa ko ajiye mota kusa da shi. In ba za mu iya riƙe wannan ba, kada mu wahalar da kowa.

Ga abin da nake ganin za mu iya yi, ba sai mun jira kowa ba. A kafa ƙaramin kwamiti, a sa limami da shugaban makaranta da wakilin 'yan kasuwa da na ƙungiyar direbobi da na masu babur da Keke Napep, a sa mata, don su ne ke raka yara bakin titi kullum. A sayi littafi guda na rajista. Duk haɗarin da ya faru, babba ko ƙarami, a rubuta rana da lokaci da wuri da irin abin hawa, a kuma bi gida gida a tattaro na shekarun baya da mutane ke tunawa. Ofis ba ya jin "ana yawan bugewa", amma yana jin takarda mai kwanan wata. Littafin ne kuma zai nuna mana inda ya fi buƙata. Kada mu nemi guda ashirin. Mu nemi uku: mararrabar kasuwa, bakin tasha, da mashigar makaranta.

Sannan a rubuta takarda ɗaya da sa hannun masu unguwanni, a kai wa kansila da shugaban Ƙaramar Hukumar Bursari, a ba ɗan majalisarmu na jiha, a aika kwafi ga Ma'aikatar Ayyuka da YOROTA da FRSC. A karɓo hatimin shaidar an karɓa. Bayan wata guda a koma, bayan wani watan a sake komawa. Mai nema yana tare da samu, kuma mai naci ya fi mai fushi cin riba a ofis. In kakar zaɓe ta zo, duk wanda ya shigo unguwar nan neman ƙuri'a a ajiye masa kwafin takardar a gabansa kafin ya buɗe buhun taliya. Abin da ake kashewa a taron siyasa guda, da hayar motoci da riguna da kuɗin mai, zai yi nisa a aikin dakali.

Kafin a samu, a daina tula ƙasa da dare. Mu sa manya biyu a mashigar makaranta safe da lokacin tashi, da jar tuta, su riƙa tsallakar da yara rukuni rukuni. Mu janye kayanmu daga kan kwalta. Shugabannin tasha kuma su ja kunnen 'ya'yansu, don direba ya fi jin maganar ciyaman ɗinsa a kan ta kowane jami'i.

Ga ku samari masu shebur, ba a raina zuciyarku ba. Ku ne kuka fara nuna cewa abin ya isa. Ƙarfin nan da kuke fitowa da shi ranar makoki, ku kawo shi ranar taron kwamiti, ku riƙe littafin rajista, ku raka dattawa sakatariya. Rigakafi ya fi magani, kuma wanda aka riga aka kai makabarta babu kunyar da za ta dawo da shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a kan hanyar nan, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya ba masu jinya lafiya. Allah Ya tsare matafiya da mazauna. Wassalam.

Naku,
Ɗan unguwa